Wuta a baki, fetur tsakanin gwiwoyi

(Jawabin da ɗaya daga cikinmu ya yi wa ƴan kabu-kabu da masu sayar da mai a tashar Gidigir, da yammacin jajibirin kasuwa. Mun rubuto muku shi kamar yadda ya faɗa, da ɗan gyara kaɗan.)



Iyayena dattawan tasha, yayyena da ƙannena masu moto, masu sayar da mai na bakin hanya, da ku iyayenmu mata da kuka ajiye talla kuka matso kusa, ina gaishe ku. Na san gobe kasuwa ce, kowa na da abin shiryawa. Wani bai yi facin taya ba, wani bai canza baƙin mai ba. Ba zan cinye muku yamma ba, in sha Allahu.

Bara bayan girbi na hau moto daga wannan tashar zuwa wani ƙauye da ke kudu da gari, zan je gaida wata gwaggota. Wanda ya ɗauke ni yaro ne, bai kai ni shekaru ba, kuma ya iya tuƙi ƙwarai, rairayi ba ya kayar da shi. A bayana an ɗaure jarkar fetur da roba, saƙon wani mai injin niƙa. Muna cikin tafiya sai na ga ya saki hannun hagu ya lalubo aljihu, ya fito da kara ɗaya ya sa a baki. Iska ba ta bari a kunna ashana da hannu ɗaya, don haka ya saki na daman ma, ya matse tanki da gwiwoyinsa, ya sunkuyar da kai ya kare wutar da tafin hannu. Moto na tafiya, ba wanda ke riƙe da ita. Da ta kama sai ya ɗago yana dariya, ya ce mini, "Malam, ka ji tsoro ne?" Toka na shigar mini ido, na ce masa a'a. Da ya gama ya jefar da guntun cikin ciyawa, yana ci da wuta.

Mun isa lafiya. Ciyawa ba ta kama ba, jarka ba ta kama ba. Na biya shi, na yi masa godiya. Amma har yau abu biyu na damuna. Na farko, ƙarya na yi masa, na ji tsoro har cikina ya juya, kunya ce ta hana ni magana, kada ya ce ɗan boko ya zo da iyayi. Na biyu, isowar da muka yi lafiya ta ƙara masa ƙarfin gwiwa. Gobe zai sake, jibi zai sake, yana ganin gwaninta ce ke fisshe shi.

Wannan maganar da na haɗiye a bayan moto ita na zo in furta yau.

Kafin nan bari in cire muku wani zato. Ban zo in ce kowa ya bar taba daga yau ba. Ni kaina na sha ta shekara uku ina jami'a a Damagaram, na san yadda take kama mutum, na san wahalar da na sha kafin in rabu da ita. Na kuma san dalilin da ke sa mai moto ya kunna. Ya fito tun asuba cikin sanyin hunturu, cikinsa ba komai sai shayi. Barci na fizgarsa a kan hanya. Mai moton na jiran balas da yamma, gida na jiran cefane. Kara ɗaya na danne yunwa na ɗan lokaci, yana kore gyangyaɗi. Wanda bai taɓa kwana da wannan lissafi ba bai kamata ya zo nan yana ɗaga muku murya ba. Shan tabarka tsakaninka ne da ƙirjinka da iyalinka. Amma daga lokacin da ka kunna ta a kan moto tana tafiya, ka jawo mutane da yawa cikin maganar, ba tare da ka shawarce su ba.

Mu fara da hannu. Kun fi ni sanin moto, ku gyara mini in na yi kuskure. Hannun dama shi ke ba da wuta, shi ke kama birkin gaba. Hannun hagu na kan kuloci. Ƙafar hagu na giya, ta dama na birkin baya. Wanda ya ƙera ta bai bar gaɓa ko ɗaya tana hutu ba. To wane hannu ne na sigari? Duk wanda ka ba ta, aikin wani ka tsayar.

Ga ɗan lissafi. Moto da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Ciro kara, ƙyasta ashana, kare iska, ka ce daƙiƙa 3 in ka yi sauri. Mita 50 ke nan ka yi idonka na kan tafin hannunka. Ku dubi daga nan inda nake tsaye zuwa rumfar mai shayin can. Cikin wannan tazarar akuya na iya fitowa, yaro na iya tsallakowa da tiren gyaɗa, amalanken jaki na iya karkatowa. Wannan kwaltar da ta ratsa garinmu ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Damagaram, Mirya, Gidimuni, ta ratso nan ta wuce Gure har Difa. Manyan motocin kaya ke bin ta, kuma ranar kasuwa kun san yadda bakinta ke cika da raƙuma da shanu da mutane. In kuwa ka sauka kwalta ka shiga rairayi, nan ma kun sani, kan moto rawa yake, hannu biyu ma da ƙyar. Ga toka kuma. Iska ba ta kai ta gefe, fuskarka take maido ta, ko fuskar na bayanka. Ido ɗaya ya rufe, hannu ya tafi murza shi, shi ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Ku dubi junanku. Yawancin masu moton da ke zaune nan cikin waɗannan shekarun suke, ni ma haka.

Sai maganar mai. Tankin moto ba a baya yake ba kamar na mota. Tsakanin gwiwoyinka yake, murfinsa na ƙarƙashin haɓarka, kuma murfin na da ƴar kafa da iska ke bi. Wasu murfin ma ya ɓace, leda aka cusa. Wasu tiyon na ɗiga a kan inji mai zafi. Ƙari a kan haka, motocinmu ba mutane kawai suke ɗauka ba. Mai ma suna ɗauka, jarka biyu, jarka huɗu, zuwa ƙauyukan da ba su da gidan mai. Matatar SORAZ ta fara aiki tun 2011 a nan jiharmu, amma har yanzu mutumin ƙauye a kwalba yake sayen mansa a bakin hanya, wanda muke kira ruwa-ruwa. Ban zo yi wa wannan sana'a shari'a ba, mutane da yawa da ita suke ci da iyalinsu.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini: "Ni na taɓa jefa guntun sigari cikin fetur, mutuwa ya yi." Ba zan ƙaryata ka ba, hakan na faruwa. Garwashin sigari ba kullum yake tada fetur ba. Amma ka lura da abu ɗaya. Abin da ke kamawa tururin man ne, wannan warin da kake ji tun kafin ka iso teburin mai mai. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa-ƙasa yana bin wuri, ido ba ya ganinsa, kuma ko cikin sanyin hunturu yana tashi. Harshen wuta kawai yake jira. Sigari kuwa ba ta kunna kanta, sai da ashana ko ƙyastu. Wannan ƙyastawar, ita ce ke cin mutane.

Ina da ɗan kawu da ke sayar da mai a wani gari a kan wannan hanyar. Ba zan faɗi sunansa ba, wasunku sun san shi. Wata rana mai moto ya tsaya shan lita ɗaya, bai ko sauka ba, kara na bakinsa ba a kunne ba. Yaron ya buɗe tanki ya sa mazurari yana tsiyayawa. Shi kuma mai moton, don kada ya ɓata lokaci, ya ƙyasta ashana. Abin da ɗan kawuna ya tuna kawai shi ne wani "fuu", sai ya ga kwalbar hannunsa na ci. Ya yar da ita, ta faɗa kan tebur inda sauran kwalabe suke jere. Mai moton ya tsira da ƙunar cinya. Yaron kuwa hannuwansa biyu da ƙirjinsa suka tafi. Daga likitar garin aka tura su Gure, daga Gure aka ce sai Damagaram. Na same su can. Wanda bai taɓa jin kukan mai ƙuna lokacin da ake canza masa bandeji ba, Allah kada ya sa ya ji. Kawuna ya sayar da sa ɗaya da tumaki uku kafin a sallame su. Yau yaron na raye, alhamdu lillahi, amma yatsun hannunsa na dama sun manne, ba ya iya damƙe ƙotar fartanya. Bai taɓa shan taba ba a rayuwarsa.

Kun kuma tuna abin da ya faru a Yamai a daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019, kusa da filin jirgin sama. Tankar mai ta kife, jama'a suka taru da bokitai da jarkoki suna ɗiba. Rahotanni sun ce tartsatsi daga wata moto ne ya tada wutar. Mutum 55 aka fara ƙirgawa a wurin, wasu suka cika daga baya a asibiti. A Majiya ta jihar Jigawa, ranar 15 ga Oktoba 2024, irin wannan ta ci sama da mutum 150. Ba sigari aka ce ta yi waɗannan ba, amma darasin ɗaya ne: inda tururin mai ya taru, abin da bai kai ƙwayar gero ba ya isa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu mu bi guntun nan da aka jefar. Ku da kuke shiga daji kun san yadda yake daga watan Oktoba zuwa gaba. Damina ta ɗauke, ƙarangiya ta bushe ƙamas, iskar gabas ta taso. Ciyawa ba fetur ba ce, garwashi kaɗan ya ishe ta in iska ta hura shi. Kai ka wuce, ka yi nisa, ba ka ma san ka bar wani abu a baya ba. Bayan awa ɗaya hayaƙi ya tashi. Wannan ciyawar da muke gani kamar banza, ita ce rumbun Bafulatani da Buzu da Tubu, da duk Bamange ko Bahaushen da ke da ƴan bisashe a gida. Da ita dabba za ta kai damina mai zuwa. In ta ƙone a Nuwamba, sai makiyayi ya kwashe dabbobinsa ya yi nisa, ko ya karyar da su da rani a farashin banza. To in dabba ba ta shigo kasuwar Gidigir ba, wa za ka ɗauka? Dillali ba shi da la'ada, mai tuwo ba ta da ciniki, kai ma ka wuni a inuwa kana kore ƙuda.

Ga kuma kwarurrukanmu, inda dabino da goruba da rake da kanwa ke fitowa. Shekara da shekaru mutanen ƙasar Gure da Maine-Soroa suna fama da tudun rairayi da ke neman binne su. Iyayenmu da yayyenmu mata sun sha rana suna saran kalimbo da kaba, suna kafa shinge a kan tudu don rairayi ya tsaya, ciyawa ta samu ta fito. Shingen nan busasshen itace ne. Kowace shekara kuma ana fitar da mutane su share hanyoyin tare gobara a daji, da manjagara da gumi. Aikin wata da watanni, guntun taba na dala 5 na iya cinye shi kafin la'asar. Ban ce duk gobarar daji mai moto ke tada ta ba. Akwai mai dafa shayi da bai kashe wutarsa ba, akwai mafarauci, akwai mai neman zuma. Amma namu kason mu ɗauke shi.

Sai wanda ke bayanka. Ya biya kuɗinsa ka kai shi wuri, bai biya don ya sha hayaƙinka ba. Sau nawa kuke ɗaukar mace da goyo za ta awo, ko tsoho mai tari za shi likita? Duk abin da ka busa, kansu yake sauka. Mayafin iyayenmu mata na yanzu yawanci na roba ne, garwashi na taɓa shi sai ya narke ya manne da fata. Kuma ba za ta yi magana ba. Kunya ba za ta bar ta ta ce wa ɗan wani ya kashe tabarsa ba, sai dai ta ja mayafi ta rufe fuskar jaririn. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, kuma sama da miliyan 1 daga cikinsu ba su sha ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba tun 2005, kuma muna da doka mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana shan taba a wuraren jama'a da cikin abubuwan sufurin jama'a. Wani zai ce ai moto ba ta da rufi. Ni dai abin da na sani, a ƙauyukanmu kabu-kabu ita ce bas, ita ce tasi, ita ce motar ɗaukar marar lafiya. Ba sai jandarma ya tsaya a kanmu ba kafin mu ba fasinja haƙƙinsa.

Bari in juya ga abokaina na birni, don na san za a sa wannan jawabi a shafi, za ku karanta a Damagaram da Maraɗi da Yamai. Ku ma da hannunku a ciki. Mu ne muke yaɗa hotunan nan a Facebook da TikTok: saurayi a kan babbar moto, baƙin tabarau, ba hular kwano, da ƙatuwar sigarin nan mai kauri ta ganye a gefen baki, irin ta ƴan fim ɗin Amurka. Mu danna masa alamar so, mu rubuta "oga". Ƙanenmu na ƙauye ya gani a waya, ba shi da kuɗin waccan, sai ya sayi kara ɗaya ya kwaikwaya. Ku sani, irin waccan mai kaurin, guda ɗaya na iya ɗaukar taba daidai da kwalin sigari sukutum. Kuma wannan hoton na namiji da taba da abin hawa ba daga sama ya faɗo ba, da kuɗi aka gina shi. Tun shekarun 1950 kamfanin Marlboro ke talla da hoton makiyayi a kan doki. Daga baya ya zuba kuɗi a tseren moto na duniya, sunansa a jikin motocin Yamaha, sannan na Ducati. Amma ko a can, ba wanda ya taɓa ganin ɗan tsere na gudu da taba a baki, kansa cikin hular kwano yake, hannunsa biyu a kan moto. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fito a tallar makiyayin, Wayne McLaren, ciwon dajin huhu ne ya kashe shi a 1992 yana da shekara 51, kuma ƙarshen rayuwarsa ya yi shi ne yana jan kunnen mutane a kan taba. Su da suka sayar mana da hoton sun san ƙarya ne, mu ne muka ɗauke shi da gaske.

Na san kuma amsar da ta fi kowace ƙarfi a wurinmu: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, ba mai ja da ƙaddara. Amma gobe ku leƙa kasuwar raƙuma. Ba za ku ga mutum ɗaya da ya saki raƙuminsa ba dabaibayi ya tafi cin abinci, wai in Allah ya so zai tarar da shi. Kowa ɗaurewa yake, sannan ya bar wa Allah. Kai ma da dare kana shigar da motonka cikin gida ka sa mata kwaɗo. In mun iya tsare ƙarfe haka, ran mutum ya fi cancanta.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa, kuma ba ya cin ko dala.

In taba ta taso maka a hanya, ka tsaya. Ka kashe moto, ka sauka, ka matsa nesa da ita da fasinja, ka sha abinka. In ka gama ka murje guntun cikin rairayi da takalmi har ka ga ya mutu. Minti biyar ne, kasuwa ba za ta watse ba.

In kana ɗauke da jarkar mai, ashana ta zauna a aljihu har ka sauke.

Ku masu sayar da mai, ku haɗa baki. Duk wanda ya zo da taba a baki, a kunne ko ba a kunne ba, kada a buɗe masa kwalba sai ya cire ta, ya kashe inji, ya sauka. In ku duka kuka tsaya a kan haka ba wanda zai rasa ciniki, don ba shi da wurin zuwa. Ku ajiye bokitin rairayi kusa da tebur, wutar fetur ba a kashe ta da ruwa, ruwa yaɗa ta yake.

Shugabannin tasha, iyayena, ku kuka san yadda kuke hukunta wanda ya tsallake layi ko ya yi wa fasinja rashin kunya. Ku sa wannan cikin dokokinku. Maganarku ta fi takardar kowane ofis tasiri a wurin yaran nan.

Mu kuma fasinjoji, mu daina irin shirun da na yi bara. Ba sai da faɗa ba. "Ɗan'uwa, don Allah tsaya ka gama, ina jiranka." In ya ƙi, ka sauka ka biya shi na inda ya kawo ka. Iyayenmu mata, ku ma kuna da wannan bakin, ɗanku ne, ku faɗa masa.

Wanda kuma ya ji a ransa yana son ya bari gaba ɗaya, ga lissafin da ya taimake ni. Kara 10 a rana a kan dala 5, dala 50 ke nan. A wata jika 7 da rabi. A shekara sama da jika 90. Ku da kanku kun san tayoyi nawa ke cikin wannan kuɗin, da buhun hatsi nawa.

Yaron da ya ɗauke ni bara, na hango shi a nan tun da na fara magana, ba zan nuna shi ba. Ƙanena, ka tambaye ni ko na ji tsoro, na ce maka a'a. Yau ga amsar gaskiya: na ji. Gobe in Allah ya kai mu zan koma gaida gwaggota, kuma kai nake so ka kai ni.

Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya maido kowa gidansa lafiya.